Naga RIP a saitin getwe ɗina, in kunna ko in barshi a kashe?

Ga tambayar yadda aka turo ta: "Malam muna da wurare uku a gari ɗaya, ofis da shago da sito. Intanet a ofis kawai yake shigowa ta wata rawuta Netgear, shago da sito kowanne yana da ƙaramar MikroTik. Rediyo ɗaya ya haɗa ofis da shago, wani ya haɗa shago da sito. Matsalar duk ranar da wuta ta ɗauke a shago sito ma ya mutu, shine muka sayi rediyo na uku zamu haɗa ofis da sito kai tsaye. Na shiga saitin Netgear ɗin naga RIP Direction da RIP Version, wani yace min shine yake sa hanya ta canza da kanta. In kunna? Kuma wanne zan zaɓa?"

Toh ɗan uwa, wanda ya gaya maka hakan bai yi ƙarya ba, amma ni dai shawarata ka bar RIP ɗin nan a kashe. Abinda kake nema, wato idan hanya ɗaya ta mutu ɗayar ta karɓa ba tare da kowa ya taɓa komai ba, aikin OSPF ne, wata furotokol da rawutoci suke sanar da juna hanyoyi da ita kamar RIP, kuma a kan MikroTik zaka yi shi ba a kan Netgear ba. Kuɗin da zaka ƙara kashewa shine na MikroTik guda ɗaya da zaka ajiye a ofis, ko ƙaramar nan mai suna hEX ce ta isheka. Bari in bi maka dalilin, dan in ka gane shi saitin kansa layi biyar ne zuwa shida.

Kowace rawuta tana da teburin hanyoyi. Duk fakitin da ya shigo mata sai ta duba adireshin inda zashi, ta nemo layin da ya dace a teburin ta miƙa shi gaba. Layukan nan ta hanya uku suke shiga: akwai wanda ta sani da kanta saboda netwok ɗin a jikinta yake, akwai wanda kai ka rubuta da hannu shine static route, sai wanda wata rawutar ta sanar da ita, wannan na ukun shine dynamic routing ɗin da kake gani a menu. A gida ko shago mai rawuta ɗaya teburin layi biyu ne kacal, na cikin gida da kuma 0.0.0.0/0 wanda ma'anarsa duk abinda ban sani ba a miƙawa kamfanin intanet. Wannan layin ta DHCP ko PPPoE yake zuwa. MTN ne ko Airtel ko Starlink ko mai faiba, babu wanda zai tsaya yana RIP da rawutar kwastoma ta gida, dan haka mai rawuta ɗaya da ya kunna shi surutu kawai rawutarsa take yi duk sakan 30 babu mai saurare. Kai naka daban ne tunda rawutoci uku zaka samu da hanyoyi uku a zagaye, ka shigo layin masu buƙata kenan.

Amma kafin komai akwai abu biyu da sai ka duba, in ba haka ba duk abinda zan faɗa a ƙasa aikin banza ne.

Na farko, wuraren nan uku a raba suke ko duk netwok ɗaya ne aka ja? Ka duba adireshin kwamfutar ofis da ta sito. Idan duka 192.168.1.wani abu ne kuma Netgear ce take raba musu, to MikroTik ɗinka aikin suwic kawai suke yi, babu wani rawutin da ake yi balle a canza hanya. A wannan halin ranar da ka kunna rediyo na uku zagaye ka ƙulla, in RSTP, tsarin da suwic yake toshe irin wannan zagayen da shi, bai kama shi ba fakitocin burodkas zasu yi ta kewayawa har komai ya tsaya, zaka ga fitilun fot suna ƙiftawa kamar hauka kuma ko Winbox, manhajar da ake saita MikroTik da ita, ba zai buɗe ba. Na biyu, idan a raba suke, kar ace adireshinsu iri ɗaya ne. MikroTik daga kwali da 192.168.88.0/24 take zuwa, yawancin masu saiti kuma basa canzawa, sai ka tarar shago 88 sito ma 88. Babu wata furotokol a duniya da zata gyara wannan, domin rawutar shago in taga fakiti zashi 192.168.88.20 cewa zata yi ai nan gidana ne, ba zata taɓa tura shi sito ba. Ka raba su haka: ofis 192.168.10.0/24, shago 192.168.20.0/24, sito 192.168.30.0/24. Su kuma hanyoyin rediyo kowacce ka bata ɗan ƙaramin sabnet nata, ofis da shago 10.10.0.0/30, shago da sito 10.10.0.4/30, ofis da sito 10.10.0.8/30. Kowanne /30 adireshi biyu ne masu amfani, ɗaya nan ɗaya can. In kana so ka riƙa shiga shafin rediyon kansu to ka yi /29 dan suma su samu adireshi a ciki. Kuma fot ɗin da rediyo yake ciki ka cire shi daga bridge, wato rukunin da yake haɗe fot-fot su zama kamar suwic ɗaya, wannan mutane suna mantawa sosai.

Yanzu RIP ɗin da ka tambaya. Tsohuwar furotokol ce, an rubuta ƙa'idarta a RFC 1058 a shekarar 1988, kuma tun kafin nan ana amfani da ita a kwamfutocin Unix. Yadda take aiki ba wuya, duk sakan 30 kowace rawuta ta karantowa maƙwabtanta teburinta ta UDP fot 520, tana cewa netwok kaza zango kaza ne daga nan, wadda taji sai ta ƙara ɗaya ta rubuta. Iyakarta zango 15, in ya kai 16 ana ɗauka wurin baya isuwa. RIP-1 bata ɗaukar sabnet mask ko kaɗan a cikin saƙonta, kintata take yi, shi yasa sabnet masu girma daban-daban a cikin netwok ɗaya suke rikita ta, kuma bata da kalmar sirri. RIP-2 wadda ƙa'idarta ta ƙarshe take a RFC 2453 na 1998 ta gyara waɗannan biyun. Abinda kake gani a Netgear, RIP-2B da RIP-2M, duk RIP-2 ne, bambancin kawai 2B burodkas take yi kowa a sabnet yaji, 2M kuma zuwa 224.0.0.9 take aikawa masu RIP kawai su ɗauka. Shi kuma Direction, Out Only ta faɗa bata saurara, In Only ta saurara bata faɗa, Both duka biyu. Da ace dole sai ka kunna, RIP-2M da Both zaka zaɓa. RIP-1 kuwa kar ma ka kalle ta.

To me yasa nace a'a? Saboda zango kawai take ƙirgawa, bata san ƙarfin hanya ba. Kamar direban da yake zaɓar hanya da yawan garuruwan da zai ratsa, in hanyar burji mai ramuka gari ɗaya ce ta kwalta kuma gari biyu, burji zai bi kullum. Rediyonka na uku daga ofis zuwa sito shine mafi nisa, kusan tabbas shine zai fi rauni, ƙila yana bada megabit 8 alhali ta shago kana samun 80, amma tunda zango ɗaya ne RIP shi zata ɗora wa duk kayan sito, kyamarori da POS da komai, ta bar mai kyau a zaune. Sannan ga jinkiri. Rawutarka kebul ne tsakaninta da rediyon da yake kan rufi, in ɗaya ɓangaren ya mutu kebul ɗin nan yana nan da ransa, fot bai faɗi ba, dan haka rawuta bata san komai ya faru ba sai ta daina jin maƙwabciyarta. RIP sai ta jira sakan 180 kafin ta yarda hanyar ta mutu. Minti uku cur, kwastoma yana tsaye da kati a hannu. Akwai kuma tsohuwar cutarta inda rawutoci biyu suke ta mayarwa juna labarin hanyar da ta riga ta mutu suna ƙara ɗaya ɗaya har su kai 16, an saka mata magunguna irinsu split horizon da poison reverse, sun rage amma a netwok mai zagaye irin naka basu kawar da ita gaba ɗaya ba.

Wani abu kuma, getwe, wato rawutar da intanet yake shigowa ta cikinta irin Netgear ɗinka, ƙafarta ɗaya a waje take. A 2015 kamfanin Akamai ya fitar da rahoton yadda maharan intanet suke amfani da tsofaffin rawutocin gida da na ƙananan ofisoshi da aka bar RIP-1 a buɗe ta ɓangaren WAN, wato gefen da yake kallon intanet, su aika ƙaramar tambaya da adireshin bogi, rawutar ta amsa da babban saƙo zuwa kan wanda ake son a durƙusar. Mai rawutar bai ma san da shi ake yaƙin ba. Ko wace furotokol zaka kunna, kar ta leƙa fot ɗin da yake kallon kamfanin intanet.

Zaka iya cewa to me zai hana in rubuta da hannu? Gaskiya da wurarenka biyu ne da hanya ɗaya, static route zan ce ka saka ka tafi harkarka, layi ɗaya nan layi ɗaya can, babu abinda ya kaishi kwanciyar hankali. Ko a ukun ma ana yi, ka rubuta hanya biyu zuwa wuri ɗaya, ta farko distance=1 ta biyu distance=2, ka saka check-gateway=ping, MikroTik tana taɓa maƙwabciyar duk sakan 10 in ta rasa amsa sau biyu ta sauke hanyar. Inda yake kasawa shine maƙwabciyarka ta kusa kawai yake gani. Ace rediyon shago da sito ne ya mutu, shago kuma lafiya lau, rawutar ofis tana pingin shago tana samun amsa, sai taci gaba da turo kayan sito ta can suna zuwa suna maƙalewa ko shago ta sake dawo mata dasu. Ana iya yin dabara a kewaye wannan amma ranar da kuka buɗe wuri na huɗu zaka zauna kana gyaran layuka a rawuta huɗu, kuma wanda zai gaje ka ba zai gane komai ba.

OSPF ba haka take ba. Maimakon kowa ya faɗi abinda yaji, kowace rawuta tana sanar da hanyoyin da suke jikinta da kuɗin kowacce, wato cost, lambar da ake ɗorawa hanya ba kuɗin biya ba, labarin ya zagaya kowa ya samu, sai kowacce ta zauna da cikakkiyar taswirar netwok ɗin ta lissafa hanya mafi arha da lissafin Dijkstra, wani masanin kwamfuta ɗan ƙasar Holan da ya wallafa shi a 1959. Wadda muke amfani da ita a IPv4 itace OSPF ta biyu, RFC 2328, shima na 1998. Bata hawa TCP ko UDP, lambarta 89 a kan IP kai tsaye, riƙe wannan dan zai dawo a maganar fayawol. Maƙwabta suna gaisawa da saƙon hello duk sakan 10 zuwa 224.0.0.5, in aka yi sakan 40 ba'a ji ɗaya ba an ɗauka ya mutu a sake lissafi nan take. Kuɗin hanya kuma kai kake sakawa, a nan ne ta yiwa RIP nisa.

Ga yadda zaka rubuta a rawutar ofis idan RouterOS 7 ce. In 6 ce menu ɗin daban yake, tsarin rawutin gaba ɗaya aka sake a 7, ni zan ce ka ɗaga su duka zuwa 7 tukunna dan kar kana kallon bidiyon wani sigar kana saita wani. Kafin ka fara ka yi /export file=kafin-ospf ka sauke fayil ɗin a kwamfutarka, kuma in daga nesa kake saita shago ko sito ka danna Safe Mode a Winbox, in ka yanke kanka da kanka rawutar zata mayar da saitin baya, ba sai ka hau mashin ka tafi can ba.

/routing ospf instance add name=ospf1 version=2 router-id=10.255.255.1 originate-default=if-installed
/routing ospf area add name=backbone area-id=0.0.0.0 instance=ospf1
/routing ospf interface-template add area=backbone networks=10.10.0.0/30 type=ptp cost=10 auth=md5 auth-id=1 auth-key=kalmarka
/routing ospf interface-template add area=backbone networks=10.10.0.8/30 type=ptp cost=100 auth=md5 auth-id=1 auth-key=kalmarka
/routing ospf interface-template add area=backbone networks=192.168.10.0/24 passive

Shikenan na ofis. A shago router-id ya zama 10.255.255.2, hanyoyinta 10.10.0.0/30 da 10.10.0.4/30 duka cost=10, sai 192.168.20.0/24 passive. A sito 10.255.255.3, 10.10.0.4/30 cost=10, 10.10.0.8/30 cost=100, sai 192.168.30.0/24 passive. Shago da sito kar ka saka musu originate-default, ofis ce kaɗai take da intanet ita kaɗai zata ce ku biyo ta nan. Shi if-installed ɗin ma'anarsa ta sanar da 0.0.0.0/0 ne kawai in ita kanta tana dashi a teburinta, nafi son shi akan always, musamman in wata rana kuka saka layin intanet na biyu a shago, lokacin zaka ga amfaninsa.

Lissafin kuɗin kaga yadda yake: daga ofis zuwa sito ta shago 10 da 10 ashirin kenan, kai tsaye 100, dan haka kullum ta shago za'a bi, sabon rediyon yana zaune yana gaisuwa kawai. Wuta ta ɗauke a shago, cikin sakan 40 ko ƙasa da haka ofis da sito sun daina jin ta, ɗarin nan ya zama shine mafi arha, an koma can. Wuta ta dawo, shago ta tashi ta gaisa, an dawo. In kuma ka gwada ka tarar sabon rediyon ne yafi ƙarfi sai ka juya lambobin. Abinda nake so ka kiyaye shine cost na fita ne, kowace rawuta nata take lissafawa, in ka saka 100 a ofis ka manta ka bar na sito a yadda yazo, tafiya zata bi ta shago dawowa ta biyo kai tsaye. Ping zai yi aiki ka ɗauka lafiya, amma rawutar shago rabin zancen kawai take gani, dokar drop invalid ta fayawol tana iya fara zubar da fakitoci, sai a riƙa ce maka manhajar sito tana buɗewa tana maƙalewa, irin matsalar da take cinye yini guda kenan ba'a gano ta ba. Masu Cisco kuma su sani ita da kanta take lissafa cost, megabit 100 take rabawa da saurin fot, dan haka fot mai 100 da mai 1000 duk 1 suke fitowa in ba'a ɗaga auto-cost reference-bandwidth ba, kuma saurin kebul take gani ba na iskar da take tsakanin rediyo biyu ba. Da hannu ake sakawa a hanyar rediyo ko wace rawuta ce.

Kalmar passive ɗin nan kar ka raina ta. Tana nufin a sanar da netwok ɗin ma'aikata ga sauran rawutoci amma kar a aika hello a cikinsa kuma kar a karɓi maƙwabci daga can. In babu ita, duk wanda ya jona wata rawuta ko laftof mai manhajar OSPF a soket ɗin shago zai iya cewa nima maƙwabci ne, ya sanar da 0.0.0.0/0 ko adireshin sabarku mai arha, kayan kowa su biyo ta hannunsa. Ita da auth, wato kalmar sirrin da maƙwabta suke gane juna da ita, tare suke tafiya. MD5 tsoho ne na sani, in duk na'urorinka MikroTik ne masu 7 zaka iya saka sha256, amma ko md5 ɗin yafi babu nesa ba kusa ba. type=ptp kuma saboda rawuta biyu ce kawai a kan kowace hanya, babu buƙatar zaɓen DR da BDR, wato shugaba da mataimakinsa, da ake yi a inda suke da yawa, ptp ɗin yana sa su haɗu da wuri.

Eriya ɗaya, wato area ɗin da ka gani a saitin ba eriyar rediyo ba, ta isheka, 0.0.0.0. Masu karatun CCNA, kwas ɗin netwok na Cisco, suna son su yanka netwok eriya eriya dan sun gani a littafi, rawuta uku ko goma basa buƙatar haka.

Saura Netgear. Ita bata san akwai 192.168.20.0 ko 30.0 a duniya ba, fakitin sito zai fita ta cikinta lafiya amma in amsa ta dawo bata san inda zata kai ba, kuma a rawutin rabin matsaloli hanyar dawowa ce ba ta tafiya ba. Mafi tsafta, in kamfaninku kebul ko PPPoE yake baku, ka zare shi daga Netgear ka saka a ether1 na sabuwar MikroTik, Netgear ta koma aikin wayfai kawai. In hakan ba zai yiwu ba ka bar masquerade, wato NAT da yake ɓoye adireshin ciki a bayan adireshi ɗaya, a fot ɗin MikroTik da yake kallon Netgear, ita sai taga kamar kwamfuta ɗaya ce take ta lodi, illarsa NAT biyu kenan, in kana buɗe fot dan kallon kyamara daga waje sai ka buɗe a wuri biyu. Hanya ta uku ka shiga Static Routes na Netgear ka rubuta netwok ɗin uku kowanne getwe ɗinsa adireshin MikroTik, sai dai wasu rawutocin gida basa yiwa sabnet ɗin da ba nasu ba NAT, sai ka gwada ka gani. Ko wacce ka ɗauka RIP Version yana nan a Disabled.

Bayan ka gama ka buga /routing ospf neighbor print. Abinda kake son gani state="Full" sau biyu a kowace rawuta. In babu kowa a jerin, fara da pingin ɗaya ɓangaren /30 ɗin, in ping yana tafiya to kashi mafi yawa fayawol ne. Saitin da MikroTik take zuwa dashi yana zubar da duk abinda ya nufo rawutar in ba daga jerin LAN ya fito ba, kai kuma ka cire fot ɗin daga bridge, dan haka sai ka ƙara doka a chain=input protocol=ospf action=accept ga fot ɗin rediyo, kuma ka ja ta sama da dokar drop ɗin, in tana ƙasa ba'a isowa kanta. In ba fayawol bane ka duba abubuwan da dole su zama iri ɗaya a ɓangare biyun: eriya, hello da dead, kalmar sirri da auth-id, da type. Router-id kuwa dole ya bambanta, masu kwafe saitin wata rawuta su liƙa a wata nan suke faɗawa. Ka buɗe Log, yawanci tana faɗa maka ƙarara abinda bai dace ba. In kaga Init ya tsaya, kana jin sa baya jin ka, ka zargi fayawol na can ko rediyon da yake cinye multikas. In ExStart ko Exchange yake ta maimaitawa, MTU ne, wato iyakar girman fakiti, bai zo ɗaya ba, ka duba ko wani ɓangaren 1500 ne ɗayan ƙasa da haka saboda VLAN ko tunel.

Sai /ip route print, layukan da OSPF ta kawo zaka gansu da DAo a gaba. A nan akwai tarko guda da nake yawan tararwa a rawutocin reshe. Wanda ya fara saita su a ether1 ya soka rediyon, ether1 kuma daga kwali WAN ce, tana da DHCP client da masquerade. Shi DHCP client ɗin yana saka 0.0.0.0/0 nasa mai distance 1, na OSPF kuma 110 ne, RIP 120, ƙarami ke cin babba, dan haka maƙwabta duk Full amma intanet ɗin sito baya taɓa canza hanya. Haka duk wani tsohon static route da aka bari, shima 1 ne. Ka goge su, ka kashe masquerade a shago da sito gaba ɗaya, NAT wuri ɗaya ake yinsa a bakin fita. Amma ka sani distance sai tsawon sabnet yazo ɗaya ake duba shi, /24 kullum tana gaban /16 ko daga ina ta fito.

Sakan 40 in yayi maka yawa zaka iya saukar da hello-interval zuwa 2s dead-interval 8s a duka ɓangarorin. Ni bana wuce haka a kan rediyo, musamman da damina ko inda eriyar take rawa in iska ta taso, in ka matse shi da yawa hanyar zata riƙa faɗuwa tana tashi, kuma wannan yafi mutuwar gaba ɗaya ɓata rai dan kira yana yankewa kowane juyi.

BGP da zaka gani a menu ɗin kusa da OSPF ba naka bane, na manyan netwok ne masu lambar shaida ta AS da adireshin kansu daga AFRINIC, hukumar da take rabon adireshi a Afirka, waɗanda suke haɗuwa da kamfanoni irin a IXPN, mahaɗar intanet ta Legas. Kuma ko su tana ƙona su, a ranar 12 ga Nuwamba 2018 kuskuren saiti a kamfanin intanet na MainOne ya sa hanyoyin Google suka zube zuwa China Telecom, zirga-zirgar mutane da yawa ta karkata ta Rasha da Chaina sama da awa ɗaya. Na kawo shi ne dan redistribute, zaka ganshi a instance na OSPF da akwatunan connected da static, hannu yana ƙaiƙayin dannawa. A tsarin da na baka babu buƙatarsa, duk netwok ɗin da kake so a sani ka riga ka rubuta shi da sunansa, in ka danna connected har sabnet ɗin WAN da duk wani abin gwaji da ka manta a rawutar zai bazu.

Gwajin kuma kar ka yi shi da zare kebul daga rawuta, wannan fot ne yake faɗuwa nan take OSPF ta juya cikin sakan ɗaya biyu kaji daɗi a banza. Ka zauna a sito ka saki ping 8.8.8.8 -t, ka sa wani a shago ya kashe soket ɗin rawutar da rediyoyin gaba ɗaya yadda NEPA take yi, ka ƙirga Request timed out nawa zasu fito kafin amsa ta dawo, sannan tracert ya nuna maka 10.10.0.9 a zango na biyu maimakon 10.10.0.5. A mayar da wuta ka sake kallo ya koma. Ka maimaita ta ɗaya gefen, a kashe rediyon shago da sito kawai a bar shago a kunne. Sannan sabon rediyon da yake zaman jiran nan ka riƙa leƙa shi ko sau ɗaya a sati a neighbor print, tunda babu kaya a kansa zai iya mutuwa wata guda babu wanda ya lura, kuma PoE ɗinsa, abin da yake bashi wuta ta kebul, na ofis da na sito su hau kan inbata ɗaya da rawutar, kar a soka su a soket ɗin bango.